Bachar Houli: gemunsa ne ya ɗaga shi ko ƙafarsa ta hagu?

Sani_Melbon
Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya a wajen aiki saura kaɗan mu ɓata da wani Bature abokin aikina, mai goyon bayan kulob ɗin Collingwood ne na a-mutu, wai shi a ganinsa Bachar Houli ba wani ɗan wasan a-zo-a-gani ba ne, da ba don Musulmi ne mai gemu da 'yan jarida ke son ɗaukar hotonsa ba da tuni an manta da shi. Wallahi maganar ta tsaya min a wuya har na dawo gida. Ga waɗanda ba su san shi ba, Houli ɗan asalin Lebanon ne amma a nan Melbon aka haife shi a 1988, ya yi wasan ƙwallon Ostireliya a AFL, babbar gasar ƙasar, daga 2007 zuwa 2021, wasa 232, ya ci kofi uku da kulob ɗin Richmond. To ni dai tambayata, musamman ku da kuke nan ƙasar ko kuke bin wasan, mutumin nan addini ne ya ɗaga shi ko kuwa ya iya wasan da gaske?

Abba_Fagge
Wa'alaikumus salam. Malam Sani kafin mu je ga gemu, wace ƙwallo ce wannan kuma? Ragbi ce? Mu nan in ba Firimiya ba sai Laliga.

Sani_Melbon
Abba kar ka bari mutanen nan su ji ka ce ragbi, faɗa za ku yi. Ƙwallon dai ta yi kama da ta ragbi, mai siffar ƙwai, amma wasan daban ne. Filin ma ba mai kusurwa huɗu ba ne, kewayayye ne irin na kurket, kuma ya fi namu girma nesa ba kusa ba. Mutum 18 kowane ɓangare. Babu raga babu gola, turaku huɗu ne a tsaye a kowane gefe, in ka buga da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya ka ci maki 6, in ta bi ta gefe ko ta taɓa turke maki 1. Ana riƙewa da hannu a yi gudu da ita amma duk mita 15 sai ka buga ta a ƙasa ta dawo, kuma ba a jefawa, sai dai ka ɗora a tafi ɗaya ka nausa da ɗayan. In wani ya bugo ta daga nesa ka cafke kafin ta taɓa ƙasa, shi ake kira mak, sai kowa ya ja baya ka buga abinka a natse. Don haka za ka ga ƙato ya taka bayan ƙato ya haye kafaɗarsa ya cafko ƙwallo a sama kuma alƙalin wasa bai ce komai ba.

Abba_Fagge
Ashe dambe ne da langa aka haɗa aka sa musu ƙwallo a tsakiya.

Maman_Ilham
Abba ka ba ni dariya wallahi, ni ma haka na ce ranar da na fara gani. Malam Sani ka gaya wa abokin naka ya je ya duba ƙuri'un Norm Smith, lambar da ake ba wanda ya fi kowa taka rawa a wasan ƙarshe. A 2017 Houli ne na biyu, a 2019 ma shi ne na biyu, duka biyun Dustin Martin ne kawai ya sha gabansa. Masu kaɗa ƙuri'ar nan ba sallarsa suka duba ba. Kuma a 2019 an sa shi a tawagar gwarzayen shekara ta ƙasa baki ɗaya. Gemu ba ya sa ka a wannan tawagar, in da yana sawa da maigidana ma yana ciki.

Dr_Bello_Perth
Hajiya ta yi gaskiya amma bari in ɗan tsaya a tsakiya. Abu biyu ne ake cakuɗawa. Iya wasa ya iya, babu musu. Amma sunan da ya yi a wajen mutanen da ba sa ma kallon wasan, wannan addini ne ya kawo. Abokan wasansa na baya irin su Dylan Grimes da Nick Vlastuin su ma kofi uku-uku suka ci, amma wa ya san su a Kano? Ga mu nan muna zancen Houli ba zancensu ba. Kenan Baturen naka bai yi ƙarya duka ba, rabin gaskiya ya faɗa ya ɓoye rabi.

Sani_Melbon
Likita na yarda da rabon da ka yi, amma shi ba haka ya ce ba, cewa ya yi ba ɗan wasa ba ne. Nan ne ya ɓata min rai.

Garba_Tiger14
Ku ba ni fili, don tun 2012 nake bin Richmond, lambar da ke jikin sunana ma lambar rigarsa ce. Duk wanda zai yi maganar Houli ya fara daga Essendon, don a nan za ka gane ba lallaɓa shi aka yi ba. Essendon ta ɗauke shi a zaɓen matasa na 2006, shi ne na 42, wato an wuce shi sau 41 kafin wani ya ce a ba ni. Shekara huɗu ya yi a can, wasa 26 kacal. Ku lissafa, kakar wasa ɗaya tana da wasa 22 a lokacin. Yau a sa shi, gobe a mayar da shi ƙaramar tawaga, ga rauni, ga canjin koci, Kevin Sheedy da ya fara sa shi ya tafi a ƙarshen 2007. To in gemu ne ke sa a ɗaga mutum me ya sa bai ɗaga shi a Essendon ba? Ai a lokacin ma Musulmi ne, kuma a lokacin ne ma jaridu suka fi zumuɗin labarinsa.
A ƙarshen 2010 ya ce shi fa tafiya zai yi, kulob biyun suka kasa daidaitawa kan musaya, sai Richmond ta ɗauke shi a zaɓen share fagen kaka ba ta ba Essendon ko allura ba. Kocinsu Damien Hardwick ya ajiye shi a baya, ɗan gefe, aikinsa ya tsinci ƙwallo ya ruga ya raba ta da ƙafar hagu. Wasa 206 ya yi musu. Mutumin da wani kulob ya ga bai isa ba.

Nura_Zinder
Yaya Garba ban gane wannan zaɓen matasa ba. Ba a sayen ɗan wasa da kuɗi kamar yadda Madrid ke yi?

Garba_Tiger14
Ba a saye Nura. Duk ƙarshen shekara ake jera yaran da suka kai shekara 18, kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a tebur shi ke fara zaɓa, haka har a zo kan zakara. Yaro ba shi da ta cewa, in kulob ɗin Perth ya kira sunanka sai ka haɗa kayanka ko da uwarka na Melbon. In kuma ana son babban ɗan wasa galibi musaya ake yi, a ba da ɗan wasa ko a ba da gurbin zaɓe. Sannan akwai iyakar abin da kulob zai kashe a albashi, don haka babu wani attajiri da zai zo ya saye lig ɗin.

Nura_Zinder
Kai, da za a kawo wannan tsari Faransa da PSG ta shiga uku.

Malam_Hadi
Ni abin da nake son sani shi ne azumi. Na ji an ce ya taɓa ajiye azumi saboda ƙwallo. In haka ne ina abin yabon?

Maman_Ilham
Malam abin da ya faru shi ne lokacin gwajin ƙarfi da ake yi wa yara kafin zaɓe, a 2006, ya faɗo cikin Ramadan. Yaro ɗan shekara 18, bai yanke hukunci da kansa ba, ya je ya tambayi malami sannan ya sha na 'yan kwanakin gwajin. Ni dai ba zan yi fatawa ba, amma yaron da ya taso a ƙasar da ba mai tambayarsa ko ya yi azumi ko bai yi ba, ya tashi ya je gun malami, ni wannan ya burge ni.

Malam_Hadi
Hajiya tambayar malami daban, ingancin uzurin daban. Wasa ba lalura ba ce. Amma tunda ya tambaya, nauyin yana kan wanda ya ba shi amsa, Allah ya sa mu dace. Sai kuma maganar gajeren wandon nan da suke sawa, wanda na gani a hoto ko rabin cinya bai kai ba.

Abba_Fagge
Malam in muka buɗe babin wando yau ba za mu tashi ba, kuma har su Salah da Mane sai sun shigo ciki.

Dr_Bello_Perth
Ƙarin bayani kan azumi, don mutanen gida suna auna shi da zafin Afrilu na Sakkwato. Kakar AFL daga Maris zuwa Satumba take, wato sanyin nan ƙasar. A shekarun da ya fi tashe Ramadan yana faɗowa ne wajen Mayu da Yuni, rana gajera, a Melbon biyar da 'yan mintuna an sha ruwa. Amma kar wannan ya sa a raina abin, mutanen nan a wasa ɗaya suna gudun fiye da kilomita goma, ga karo da ƙarti, ga atisaye kusan kullum. Ni da nake aikin zaune ma la'asar na yi sai in ji kaina na sarawa.

Sani_Melbon
Ni abin da ya shafe ni kai tsaye ɗakin salla ne. Ranar da na fara shiga MCG, babban filin wasa na Melbon, abokaina ne suka ja ni, wasan rana, la'asar ta yi ana hutun rabin lokaci, na fara dube-dube ina neman lungun da zan shimfiɗa jaket ɗina, gabana na faɗuwa kar wani mai giya a hannu ya zo ya yi min tijara. Sai wata ma'aikaciya ta ga ina zagaye ta tambaye ni, na faɗa mata da ɗar-ɗar, kawai ta nuna min hanya. Na shiga na tarar da mutum uku a ciki, ɗaya da gyalen Richmond mai ruwan ɗorawa da baƙi a wuya, muka yi jam'i, muna sujada ana jin ihun mutane ta bango. Daga baya na ji Houli ne ya nemi a tanadi wurin ibada a filayen, AFL ta amince a 2012, har Jeff Kennett tsohon shugaban Hawthorn ya fito yana suka. Ni kuwa a wani kamfani da na fara aiki a nan, wata shida ina salla a ƙarƙashin matakala kusa da bokitin mofa, da na yi magana manaja ya ce in yi a mota.

Zee_Kaduna
Allah sarki. Amma Malam Sani ka lura kai ma yanzu ka koma maganar addininsa ba wasansa ba? Ka ba Baturen naka gaskiya ba ka sani ba 😂

Sani_Melbon
Zee kin kama ni, ba ni da bakin magana.

Kabiru_Blues
To bari ɗan Carlton ya shigo, don na ga kun mayar da shi waliyyi. 2017, Richmond da Carlton, Houli ya wurga hannu baya ya sami Jed Lamb a fuska, yaron ya faɗi sumamme tun a zangon farko bai dawo wasan ba. Aka je gaban kwamitin ladabtarwa, sai ga lauyoyinsa da kalaman yabo na Firayim Minista Malcolm Turnbull da takardar shaida daga ɗan jarida Waleed Aly, wai mutumin kirki ne. Aka ba shi dakatarwar wasa biyu kacal. Ku gaya min, in wani ne da bai san Firayim Minista ba biyu za a ba shi? Wannan ba shi ne alfarmar da Baturen yake nufi ba?

Garba_Tiger14
Kabiru ka ƙarasa labarin mana, ka tsaya a inda ya yi maka daɗi. AFL da kanta ta ɗaukaka ƙara, karo na farko a tarihi da ta ƙalubalanci hukuncin kwamitinta, aka mayar da shi wasa huɗu. Ya karɓa bai yi gardama ba, kuma ya nemi Lamb ya ba shi haƙuri. To ina alfarmar? In ma akwai, kwana biyu ta yi aka ƙwace.

Kabiru_Blues
An ƙwace ne saboda mutane sun yi ca. Da an yi shiru da ta zauna.

Maman_Ilham
A nan kam ina bayan Kabiru, hukuncin farko bai yi daidai ba. Wanda aka sumar ba ruwansa da halin kirkin wanda ya sumar da shi. Amma wannan laifin kwamiti ne.

Garba_Tiger14
Na ji. Amma ku dubi abin da ya biyo baya a shekarar. Richmond rabonta da kofi tun 1980, shekara 37. A 2013 da 2014 da 2015 mun shiga zagayen ƙarshe ana fitar da mu a wasan farko, 2016 muka ƙare na 13 har ana cewa a kori Hardwick. Sai ga mu a fainal da Adelaide wadda ita ce ta ɗaya a tebur, mutum sama da 100,000 a MCG, muka ci 108 da 60. Ni ina Kano lokacin na je hutu, wasan ƙarfe biyu da rabi na rana a can, wato biyar da rabi na asuba a gida, na idar da salla na zauna a tsakar gida da waya data tana ƙarewa ina sake sayen wata. Da Houli ya ci tasa ƙwallon na yi ihu har Hajiyarmu ta fito da carbi a hannu tana tambaya wa ya rasu. Mutane da yawa har yau suna cewa shi ya kamata a ba Norm Smith a ranar, sunan Dusty, wato Dustin Martin, ne ya yi nauyi don a makon ya ci Brownlow, lambar gwarzon ɗan wasan shekara.
2019 kuma ba a magana, kulob ɗin GWS muka yi wa cin kaca a fainal 114 da 25.

Alhassan_Nima
Gaisuwa daga Accra. Ina karantawa ina jin daɗi. Mu ma muna da namu a wasan fa, Isaac Quaynor na Collingwood babansa ɗan Ghana ne, ya ci kofi a 2023. Malam Sani ka tambayi abokin naka ko shi ma don baƙi ne aka sa shi.

Dr_Bello_Perth
Alhassan ai 'yan Afirka sun fara yawa. Majak Daw a Khartoum aka haife shi, North Melbourne ta ɗauke shi, shi ya buɗe wa 'yan Sudan ƙofa. Aliir Aliir kuma a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya aka haife shi, ya yi Sydney ya koma Port Adelaide, a 2021 ya shiga tawagar gwarzayen shekara. Kuma duk an yi musu irin wannan maganar ta cewa talla ake yi da su.

Zee_Kaduna
Wai da gaske ne a ɓoye ya fara wasan? Na taɓa jin haka.

Maman_Ilham
Gaskiya ne Zee. Yana ɗan shekara 11 ya shiga ƙungiyar yara ta Spotswood iyayensa ba su sani ba, su karatu suke so ya yi. Kyaututtukan da ya riƙa ci ne suka tona shi. Ni abin har dariya yake ba ni don nawa yaron yanzu haka yake min, ya ce ya tafi laburare ya dawo da laka har gwiwa. Na sa shi a shirin yara na gidauniyar Houli dai daga baya, tunda na ga hanawar ba ta aiki, gara ya yi a inda za a tsaya a yi salla in lokaci ya yi.

Malam_Hadi
Hajiya ki dai sa ido kan karatun. Cikin yara dubu nawa ne ke zama Houli?

Maman_Ilham
Malam kullum abin da nake faɗa masa kenan, har na 42 ɗin ma sai da ya yi shekara huɗu a benci.

Sani_Melbon
Wani gyara kaɗan, na ga ana yawan cewa shi ne Musulmi na farko a AFL. Ba haka ba ne, Adem Yze na Melbourne da Sedat Sir na Bulldogs sun riga shi. Abin da ake cewa shi ne na farko da ya fito da addininsa fili, salla da azumi da ƙin giya, a wasan da shagalin cin kofi kusan duk giya ce. Kuma bai sha da daɗi ba, a 2016 ana wasan Richmond da Collingwood wasu suka ɗaga ƙyalle a MCG na ƙin masallatai, yana cikin fili. A 2018 kuma bayan wani sanata ya yi jawabin a hana Musulmi shigowa ƙasar, shi da Adam Saad wanda yake Essendon a lokacin suka fito wajen jefa kwabo tare da kyaftin ɗinsu suka rungumi juna.

Kabiru_Blues
Saad ɗin da ya dawo Carlton daga baya. Kuma in ana maganar gudu da ƙafar hagu ni Saad zan ɗauka kafin Houli, ku yi ta faɗa.

Garba_Tiger14
Kofi nawa Saad ya ci Kabiru? Ina jira.
Ni dai abin da zan ba Sani ya kai wa Baturensa shi ne 2020. Shekarar korona, an kwashe kulob-kulob an kai Queensland, Houli bai bi su da farko ba don matarsa ta haihu kuma mahaifiyarsa na kwance a sashen kulawa ta musamman da cutar, har ya yi bidiyo yana roƙon al'ummar Musulmi su je gwaji. Daga baya ya bi su. Fainal a filin Gabba na Brisbane da dare, da Geelong. Minti kaɗan da farawa Vlastuin ya sume aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, a zangon farkon nan kuma naman ƙwaurin Houli ya yage. Lokacin babu canjin mai rauni, in ya zauna Richmond ta rasa 'yan baya biyu kenan. Ya ci gaba da wasa a haka har aka tashi, Geelong na gaba a hutun rabin lokaci muka juyo muka ci 81 da 50. A ranar bai yi wani abin da za a sa a bidiyo ba, tsayuwar kawai ya yi. A 2021 rauni ya dame shi ya ajiye a watan Agusta.

Kabiru_Blues
Wannan kam na sara masa. Amma maganar Lamb tana nan.

Dr_Bello_Perth
Ni har yanzu ina kan bakata, da sunansa John da ba mu buɗe wannan zaren ba.

Zee_Kaduna
Likita da sunansa John da Baturen ma bai ce bai iya ba.

Abba_Fagge
Ni dai duk surutun nan na je na kalli bidiyo ɗaya, wani ya haye wuyan wani kamar mai ciro mangwaro kuma aka tafa masa. Garba in kaka ta dawo a Maris ka turo min inda kake kallo, amma in biyar na asuba ce kar ka kira ni, ka turo sakamako kawai.

Sani_Melbon
Gobe da safe shif ɗinmu ɗaya da shi, zan fara masa da ƙuri'un Norm Smith. Garba turo min makin 2019 ɗin ta inbos kar in je in faɗi ba daidai ba ya samu abin kamawa.